Na'urar Gano Ƙarfe Don Bakin Teku Da Wurin Shaƙatawa: Ƙasar Da Za Ka Taka Ita Ke Zaɓa Maka

Mai sayen na'urar gano ƙarfe a karon farko tambayarsa ɗaya ce: zurfin nawa take gani? 'Yan kasuwa sun san haka, shi ya sa suke buga manyan lambobi a jikin kwali. Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce wace irin ƙasa za a ɗora na'urar a kai. Wadda ke aiki lafiya lau a kan ciyawar wurin shaƙatawa, kana kai ta jiƙaƙƙen rairayin bakin teku sai ta ɗauki kuka ba ƙaƙƙautawa, alhali ko ƙusa babu a wurin. Lafiyarta ƙalau, gishiri ne ya dame ta. Wanda ya gane dalilin wannan kukan ya ci rabin cinikinsa.

A cikin faifan da ke ƙasan sanda akwai wayar jan ƙarfe a nannaɗe gida biyu, ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa. Mai aikawa yana hura ƙarfin maganaɗisu mai kaiwa da komowa cikin ƙasa. Idan ya ci karo da ƙarfe, sai 'yar wutar lantarki ta riƙa zagayawa a jikin ƙarfen, ita kuma ta mayar da nata martanin, mai karɓa ya ji. Martanin ba ya dawowa nan take, yana ɗan jinkiri, kuma jinkirin ya danganta da sauƙin da wuta ke samu wajen ratsa abin da kuma girmansa. Azurfa da jan ƙarfe suna ba wuta hanya sosai, dalma da siririn zinare ba su kai su ba, baƙin ƙarfe kuma yana da nasa halin saboda maganaɗisu na kama shi. Daga wannan jinkiri na'ura ke fitar da lambar da ake gani a allo da sautin da ake ji a kunne.

To, ruwan gishiri ma wuta na ratsa shi. A wurin na'ura, jiƙaƙƙen rairayi wani shimfiɗeɗɗen ƙarfe ne mai rauni wanda ya cika ƙasan faifai gaba ɗaya. Abin takaicin shi ne martanin gishiri yana faɗawa daidai inda martanin ƙaramin zinare yake. Idan ka sa na'ura ta yi biris da gishiri, ta yi biris da siririn zobe da ɗan kunne. Wasu gaɓoɓin kuma suna da baƙin rairayi mai garin ƙarfe, wanda idan ka tura maganaɗisu ciki zai fito da gashi-gashi. Shi yana jan martanin zuwa wani ɓangare, gishiri yana ja zuwa ɗaya ɓangaren. Na'ura mai zango ɗaya, wato mai aika sigina iri ɗaya tak, maɓallin daidaitawa ɗaya gare ta, ba za ta iya kashe biyun a lokaci guda ba.

Iri uku da ke kasuwa

Na farko shi ne wanda za ka ga an rubuta VLF a kwalinsa, mai aiki da zango ɗaya. Zango a nan shi ne sau nawa siginar ke kaiwa da komowa a daƙiƙa, ana auna shi da kilohaz kamar yadda ake yi a rediyo. Ƙaramin zango, kamar kilohaz 5, ya fi shiga ƙasa kuma ya fi jin manyan abubuwa na azurfa da tagulla. Babban zango, daga 15 zuwa 40, ya fi jin ƙananan abubuwa da zinare, amma ya fi jin gishiri da ƙarfen ƙasa su ma. Garrett ACE 400 tana kan kilohaz 10, AT Pro tana kan 15, Nokta Simplex+ tana kan 12. Duka suna aiki da kyau a wurin shaƙatawa da busasshen rairayin da ke saman gaɓa, inda mutane ke shimfiɗa tabarma. A kan jiƙaƙƙe kuwa dole ka rage musu ƙarfin ji har su yi shiru, kuma da wannan ragin zurfi ke tafiya.

Na biyu shi ne PI. Wannan yana sakin wuta da ƙarfi a dunƙule, ya katse ta, ya ɗan dakata, sannan ya saurari abin da ya rage. Martanin gishiri yana mutuwa da wuri, na ƙarfe yana daɗewa, saboda haka lokacin da na'urar ta buɗe kunne gishiri ya riga ya yi shiru. A cikin ruwa da baƙin rairayi babu mai kai shi nutsuwa da zurfi. Garrett Sea Hunter Mark II irin wannan ce, kuma an gina ta don nutso har kimanin mita 60. Matsalarsa ba ya tantancewa yadda ya kamata: ƙusa, fil ɗin gashi, ƙugiyar kamun kifi da zoben zinare duk kiransu yake yi. A rairayi ana iya jure wannan tunda haƙa ba wuya. A wurin shaƙatawa mai cike da marafan kwalba, za ka haƙa rami hamsin kafin ka ga abu ɗaya mai amfani, kuma mai gadi ba zai bar ka ka kai hamsin ɗin ba. Wanda zai shiga wuraren biyu kada ya fara da PI.

Na uku shi ne mai aika zanguna da yawa a lokaci guda. Gishiri yana amsawa daban a ƙaramin zango da babba, ƙarfen ƙasa ma haka, zobe ma haka. Da na'urar ta kwatanta amsoshin sai ta lissafa kason gishiri ta cire shi, ta bar na zoben, kuma ba ta rasa lambar tantancewa ba. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa dabarar: Minelab na Ostareliya suna cewa Multi-IQ, XP na Faransa suna cewa FMF, Nokta na Turkiyya suna cewa SMF. Da can sai mai kuɗi sosai ke iya sayen irin wannan. Fitowar Minelab Equinox 600 da 800 a 2018 ita ta karya farashin, sauran kamfanoni suka biyo baya da The Legend ta Nokta, Deus II ta XP da ACE Apex ta Garrett. Ga mai son na'ura ɗaya ta yi masa bakin teku da wurin shaƙatawa, a ganinmu wannan rukunin ne kaɗai ya cancanci kuɗinsa. Sai dai a duba cewa akwai tsarin bakin teku a jerin tsare-tsarenta, domin a nan ne ake kunna lissafin cire gishirin sosai.

Maganar zurfi

Da zarar abu ya yi nisa da faifai, martaninsa yana faɗuwa da sauri ƙwarai. Ga ƙaramin abu kamar kwabo, ninka tazara sau biyu yana rage martanin kusan sau 64. Shi ya sa na'urar dala 300 da ta dala 1,500 ba su da wani babban bambanci a zurfi: kwabo ko zobe dai tsakanin santimita 20 zuwa 30 ake jinsa da faifai mai inci 11 a ƙasa mai kyau. Abin da ƙarin kuɗin ke saya shi ne nutsuwa a muguwar ƙasa, da lamba mai gaskiya a zurfi, da iya rarrabe abubuwa biyu da ke kwance kusa da juna. Idan aka ce maka na'ura tana gani har mita biyu, murfin tukunya ko ganga ake nufi, kuma a iska aka gwada.

Akwai kuma waɗansu kayan masu sanduna kamar eriyar rediyo da ake tallata cewa suna nuna zinare daga nisan ɗaruruwan mita. Babu wata hanya a kimiyyar maganaɗisu da hakan zai yiwu. Kuɗin da aka zuba a kansu ya tafi.

A nan ne ya kamata mu raba wannan harka da ta masu neman zinare. Tun da aka gano zinare a Jado a arewacin Nijar a 2014, da abin da ke gudana a arewacin Cadi da Sudan, mutanenmu da yawa sun san na'urar gano ƙarfe ta hanyar injunan Minelab GPX. Waɗannan PI ne da aka gina don ɗanyen zinare a ƙasa mai duwatsun ƙarfe. Suna da nauyi, suna da tsada, ba a tsoma su cikin ruwa, tantancewarsu kuma kaɗan ce. Ba su dace da wurin shaƙatawa ba. Wannan kasuwa ce kuma ta jawo jabu suka cika gari, kwali iri ɗaya, fenti iri ɗaya, cikin fanko. Duk na'urar da za ka saya, nemi dillalin da sunansa ke shafin kamfanin, ka karɓi rasit mai lambar injin, ka guji farashin da ya gaza rabin na kowa.

Wurin shaƙatawa: shara ce abokiyar gaba

A nan gishiri ba ya cikin lissafi. Abin da ke cika ƙasa shi ne marfin kwalba, zoben buɗe gwangwanin lemo, takardar alminiyam ta sigari da alewa, ƙusoshi da guntun waya. Abubuwa uku ke taimako.

Na ɗaya saurin sakin abu. Idan faifai ya wuce kan ƙusa, na'ura tana buƙatar ɗan lokaci kafin ta saki wannan sautin ta ji na gaba. Mai jinkiri za ta haɗiye kwabon da ke santimita 5 daga ƙusar. Nemi wadda ake iya ƙara wa wannan saurin, amma ka sani duk lokacin da ka ƙara shi zurfi yana ɗan raguwa. A wuri mai shara a ɗaga shi, a buɗaɗɗen rairayi a sauke shi.

Na biyu ƙaramin faifai. Mai inci 11 yakan rufe abubuwa uku ko huɗu a lokaci guda a ƙarƙashin bishiyar da mutane ke zama, ya ba ka lambar da ba ta kowa ba ce. Mai inci 6 yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, yana kuma shiga kusa da ƙafar benci da shingen ƙarfe. Kafin ka sayi na'ura ka tabbata ana samun ƙaramin faifanta, domin faifan da aka yi wa na'urar wani kamfani ba ya hawa kan ta wani. Siffar naɗin ma tana da tasiri. Wanda ake kira DD, mai naɗi biyu da suka hau juna a tsakiya, yana yanka ƙasa a siririn layi kamar wuƙa, kuma ya fi jure jar ƙasa mai marmara irin tamu. Aibinsa shi ne marfin kwalba na ƙarfe yakan yaudare shi ya yi kukan kwabo. Dabarar gane shi: ja faifan baya a hankali har gefensa kawai ya rage kan abin. Marfi zai koma gurnanin baƙin ƙarfe, kwabo zai riƙe sautinsa har ya ɓace.

Na uku shi ne fahimtar lambar allo, kuma nan ne sababbi ke asarar zinare. Zinaren ado gauraye ne: mai karat 18 kashi 75 cikin ɗari ne, mai 21 kashi 87.5. Gaurayawar tana rage sauƙin da wuta ke samu wajen ratsa shi, ga shi zobe siriri ne. Saboda haka siririn zoben mata yana faɗawa wurin takardar alminiyam, babban zoben aure irin na Turawa yana faɗawa wurin zoben gwangwani. Babu na'urar da ke raba su da tabbas, ko nawa aka saye ta. Wanda ya toshe waɗannan lambobin don ya huta da shara ya toshe zinare tare da su. Sarƙa ta fi wuya, domin na'ura ba ta ganinta a matsayin abu ɗaya, kowace ƙwayar sarƙar daban take ji, sau da yawa maƙullin sarƙar ne kawai ke yin kuka. Ɗan kunne buɗaɗɗe ma haka, tunda wutar ba ta samun cikakken da'ira da za ta zagaya.

Lambobin kuma ba sa tafiya daga wannan na'ura zuwa waccan. Equinox 800 tana ƙirga daga -9 zuwa 40, Equinox 900 daga -19 zuwa 99, The Legend ta tsaya a 60. Hanya mafi kyau ita ce ka binne kayan gwaji a tsakar gida a zurfin santimita 10 da 20: zobe, ƙusa, marfi, tsohon kwabo mai huji, sule, ka rubuta abin da kowanne ya bayar. Ka haɗa da kuɗin ƙarfen da ake kashewa a inda kake, domin da yawansu yanzu baƙin ƙarfe ne aka shafe da wani ƙarfe. Fenin Ingila ɗaya da biyu tun 1992 haka suke, haka santin Yuro 1, 2 da 5. Na'urar da aka sa ta ƙi baƙin ƙarfe za ta wuce su ko ta ba da sauti a karye.

Wayoyin lantarki da taransifoma da wayar salula a aljihu suna sa na'ura surutu ko faifai na sama. Kafin komai, ɗaga faifan, riƙe shi cak, danna maɓallin kauce wa hayaniya ya zaɓi tasha mai shiru. Bayan nan a daidaita da ƙasa: nemi wurin da babu ƙarfe, riƙe maɓallin, ka riƙa ɗaga faifan daga santimita 2 zuwa 15 kana saukewa har sautin ya daina sauyawa. Sannan ƙara ƙarfin ji har ta fara 'yar ƙara, ka rage maki biyu. Wanda ya daidaita a kan ƙusa bai sani ba zai yini yana mamakin rashin zurfi.

Shiga ruwa

Kusan kowace na'ura faifanta yana shiga ruwa, kuma wannan ne wasu masu talla ke fakewa da shi. Abin tambaya shi ne kan na'urar, inda allo da batir suke. Minelab Vanquish 340, 440 da 540 suna da zanguna da yawa a farashi mai sauƙi kuma suna jure jiƙaƙƙen rairayi, amma kansu ba ya shiga ruwa, haka ACE Apex ruwan sama kawai take jurewa. AT Pro da Equinox 800 suna nutsewa har mita 3, Equinox 700 da 900 har mita 5, Deus II har mita 20. Ko ba ka da niyyar shiga, a gaɓar Atilantika kamar Legas, Kwatano, Lome ko Akara igiya ɗaya ta isa ta wanke ka har ƙirji, kuma ja-da-bayan ruwan yana da ƙarfin da ba a wasa da shi. Kada ka juya wa teku baya. Idan kan na'urarka ba mai shiga ruwa ba ne, kada ka taɓa ɗaga jiƙaƙƙen faifai sama da shi, ruwa zai biyo cikin sanda ya gangaro.

Abin sauraro na kunne marar waya yana yankewa da zarar kan na'ura ya nutse, siginarsa ba ta ratsa ruwa. Mai shiga ruwa yana buƙatar mai waya da aka yi don wannan. A tudu kuma, na Bluetooth na sauraron waƙa yana kawo sauti a makare, har faifai ya wuce abin kafin ka ji, sai ka haƙa a gefe. A nemi wanda kamfanin ya ce ya dace da na'urar.

Nauyi abin lura ne ga mai lilo da hannu awa huɗu. Yawancin na yanzu suna tsakanin kilo 1.2 da 1.4, Deus II ba ta kai kilo ɗaya ba. Babban faifai mai inci 15 yana cin fili da sauri a busasshen rairayi, amma yana jan gishiri da yawa, kuma cikin ruwa kamar tuƙa tuwo yake.

Ka ware kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka don abin haƙa. A bakin teku ana amfani da babban ludayi mai huji-huji na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai dogon mariƙi, wanda ake takawa da ƙafa. Huji mai faɗin santimita ɗaya yana zubar da rairayi da sauri amma ɗan kunne yana bin sa. A wurin shaƙatawa ana buƙatar wuƙar haƙa mai haƙora da 'yar sandar nuni, wadda ake zurawa cikin rami ta nuna daidai inda abin yake. Ita ke mayar da neman minti biyar ya koma rabin minti, ta kuma hana ka karce zobe da bakin wuƙa. Ciyawa ana yanka ta siffar kofaton doki, zurfin santimita 10, a bar gefe ɗaya a manne, a buɗe kamar murfi, a zuba ƙasar kan ƙyalle, a mayar a danne. Da rani idan ƙasa ta bushe ƙayau, ciyawar da aka yanka mutuwa take yi, gara a bari sai an yi ruwa.

Lokaci ma yana ƙara wa na'ura daraja. Teku yana janyewa kusan kowace awa 12 da minti 25, kuma janyewarsa ta fi nisa a farkon wata da tsakiyarsa, wajen 14 da 15 ga watan Musulunci. A fara awa biyu kafin ƙarshen janyewar, a bi ruwan yana sauka. A yi tafiya a miƙe da bakin ruwa yadda damshin da ke ƙasan faifai ba zai riƙa sauyawa ba, faifan kuma ya kusa shafar rairayi, kada ya ɗagu a ƙarshen lilo. Zinare ya ninka rairayi nauyi sau biyar zuwa bakwai, yana nutsewa har sai ya tarar da tsakuwa ko yumɓu. Inda igiya ta zaftare gaɓa ta bar gefe kamar matakala, ko inda kake tono dalmar masunta da tsofaffin kwabbai masu kore, nan nauyaya suka taru. Inda kake ta samun alminiyam marar nauyi, sabon rairayi ne ya hau, matsa gaba.

Bayan kowace fita a wanke na'urar da ruwan daɗi, a zare sandunan, a cire murfin robar da ke ƙasan faifai. Baƙin rairayin da ya maƙale tsakanin murfin da faifan yana motsi yana jawo kukan ƙarya, mutane da yawa sukan ɗauka injin ne ya lalace. A bar maɓallan caji su bushe kafin a jona, in ba haka ba gishiri ya cinye su. Wayar faifai a naɗe ta damƙam a jikin sanda, sakwarkwaciyar waya ita kanta na'ura na jinta. Kada a matse ƙusar faifai da ƙarfi, kunnuwan roba ne suna tsagewa, kuma kada a bar na'ura a rufaffiyar mota cikin rana.

Izini da haƙƙin mai abu

Doka ta bambanta ƙwarai. A Amurka an haramta na'urar a gandayen shaƙatawa na tarayya, birnin Niyu Yok kuma sai da takardar izini. A Ingila dokar taska ta 1996 ta wajabta kai rahoton abin da ya cika sharuɗɗanta cikin kwana 14, bakin kogin Tems a Landan shi ma sai da izini. Faransa tana neman izinin hukuma ga mai neman kayan tarihi. A Najeriya dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana haƙa don neman kayan tarihi ba da yardarta ba, saboda haka kufai da ganuwa da tsofaffin maƙabartu ba wurin wannan sha'awa ba ne. Gaɓoɓin Legas da yawa suna hannun masu kula da su da ke karɓar kuɗin shiga, a nemi yardarsu tun daga ƙofa.

Zoben da aka tono a inda mutane suka yi wanka jiya tsintuwa ne, yana da mai shi. A fiƙihu abu mai daraja ana cigiyarsa shekara guda, mai nema ya faɗi siffarsa kafin a ba shi. Hukuncinsa daban da na rikazi, dukiyar mutanen da da aka binne, wadda ake fitar wa ɗaya cikin biyar. Idan za ka yi cigiya a intanet ko wurin masu gadi, faɗi rana da wurin da ka samu, ka ɓoye rubutun da ke cikin zoben da nauyinsa, su ne za su nuna maka mai shi na gaskiya.